Ranar da faifan injin fotokwafi ya mutu

A wannan makon ina so mu waiwayi wata na'ura da ke tsaye a kusurwar kusan kowane ofis, daga sakatariyar ƙaramar hukuma zuwa ofishin magatakardar jami'a, wadda ba a tunawa da ita sai ranar da ta ƙi aiki. Injin fotokwafi nake nufi. Yawancinmu muna ɗaukarsa tamkar madubi: ka nuna masa takarda ya nuna maka irinta, ka ɗauke abarka an rabu ke nan. Wannan fahimta ta dace da injinan da. Amma manyan injinan ofis na zamani, masu haɗa kwafi da sikanin da buga takarda da aika saƙo, kwamfuta ce sukutum aka sa mata rigar injin kwafi. Tun farkon shekarun 2000 akasarinsu suke zuwa da faifan ajiya a cikinsu, irin wanda ke cikin kwamfutar tafi-da-gidanka.

A kan wannan faifai injin yake ajiye hoton takardar da aka ɗora masa kafin ya buga ta. A nan kuma yake riƙe adiresoshin imel na ma'aikata, da tarihin ayyukan da ya yi, da akwatunan ajiya da ake buɗe wa kowane sashe. Waɗannan akwatuna su ne tushen matsalar. Sakatare zai yi sikanin takardun biyan kuɗi, ko sakamakon jarrabawa, ko bayanin taron hukumar gudanarwa, ya bar su a akwatin injin da niyyar kwashewa gobe. Goben ta zama wata, watan ya zama shekara, har injin ya koma rumbun takardun ofis ba tare da wani ya zauna ya yanke wannan shawara ba. Ranar da ya tashi da wata lambar gargaɗi a fuskarsa ya ƙi motsi, a ranar ake gane cewa takardar da ɗan fansho yake jira, ko wadda za ta tabbatar da makin ɗalibin da ke neman fita bautar ƙasa, ba ta da wani mazauni sai wannan faifai.

Domin a san abin yi, sai an san yadda abin yake aiki. A cikin akwatin ƙarfen akwai faifai mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura mai karatu da rubutu, kamar ta garmaho. Bambancinsu shi ne wannan allura ba ta taɓa faifan, shawagi take yi a kansa da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Lalacewarsa iri uku ce. Akwai rikicewar tsarin bayanai, inda faifan lafiyarsa ƙalau amma jadawalin da ke nuna wurin kowace takarda ya hargitse, kamar ɗakin karatun da littattafansa ke nan amma kundin sunayensu ya ɓata. Akwai ƙonewar allon lantarki da ke manne a bayansa. Sannan akwai lalacewar allura ko injin juyawa, wadda alamarta ita ce ƙarar ƙas-ƙas da ake ji tana maimaituwa. Duk wanda ya san yadda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki a ofisoshinmu, da yadda take dawowa da ƙarfi idan an juya layi zuwa janareta, da zafin watan Afrilu a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, ya san cewa iri biyun farko ba baƙi ba ne a wurinmu.

Sau da yawa abin da aka yi a sa'ar farko shi ke raba gardama tsakanin samun bayanai da rasa su. Abu na farko shi ne a kashe injin a bar shi a kashe. Ɗabi'armu ta kunnawa da kashewa sau goma ko Allah zai sa ya tashi ita ce mafi haɗari, domin idan allura ta karye, duk juyin da faifan ya yi kankare fuskarsa take yi, kuma abin da aka kankare ya zama gari, babu gwanin da zai maido shi. Abu na biyu shi ne a yi wa mai gyara bayani dalla-dalla tun kafin ya ɗauko sukundireba. Shi aikinsa injin ya ci gaba da fitar da kwafi, kuma hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya wanke faifan ya sake masa tsari, ko ya sa sabo ya tafi da tsohon. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ba a dai gaya masa akwai dukiya a ciki ba ne. Abu na uku, kada a yarda kowa ya buɗe murfin faifan a kan teburin ofis. Ƙwayar ƙura guda ta fi tazarar da ke tsakanin allura da faifai girma nesa ba kusa ba, balle a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko ta ina. Haka nan shawarar da ake yaɗawa ta a sa faifan a firji ya kwana: raɓar da za ta taru a cikinsa ɓarna za ta ƙara. Garin neman gira ake rasa ido.

Ƙwararre na gaskiya ba ya fara neman takardu a kan faifan da ya lalace. Yakan fara ne da kwafe shi kacokan, gurbi bayan gurbi, zuwa wani lafiyayyen faifai, yana tsallake wuraren da suka ƙi karantuwa sai daga baya ya koma musu. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ddrescue da aka yi domin wannan aiki. Daga nan duk wani bincike a kan kwafin ake yin sa, a adana na asali. Idan jadawali ne ya hargitse, manhaja irin PhotoRec tana bin faifan tana gane takardu ta alamomin da ke farkon kowane irin fayil. Idan allon lantarki ne ya ƙone, ana nemo irinsa sak, sannan a ciro 'yar ƙwaƙwalwar da ke kan tsohon a dasa wa sabon, domin a cikinta ma'aunin wannan faifai na musamman yake. Idan kuwa allura ce, sai a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa, da kayan da aka ciro daga wani faifai ɗan'uwansa, kuma kuɗin wannan aiki kan ninka farashin sabon faifai sau da dama.

Sai dai faifan injin fotokwafi yana da wasu katangu uku da na kwamfuta bai cika samu ba. Kamfanoni da yawa suna ajiye hotunan takardu da tsarin da injinsu ne kaɗai ke ganewa. Wasu injinan suna kulle duk abin da suka rubuta da mabuɗin sirri, mabuɗin kuma yana kan babban allon injin, don haka wanda ya bar mai gyara ya canja allon ko ya mayar da injin yadda ya fito daga kamfani, ya jefa makullin a rijiya ke nan. Wasu kuma an saita su su rufe hoton kowace takarda da wani rubutu da zarar an gama aiki. Saboda haka duk wanda ya yi alkawarin dawo da komai tun bai duba faifan ba, a yi hattara da shi. Kafin a kashe kuɗi ma, ya kamata a leƙa akwatunan imel da kwamfutocin ma'aikata da kabad ɗin takardu, domin wani lokaci rabin abin da ake kuka a kansa yana can.

To, a nan ne zancen yake juyawa. Dabarar da ke maido wa ofis takardunsa ita ce kuma ke miƙa su ga wanda ba shi da hakki a kansu. A watan Afrilun 2010, tashar talabijin ta CBS a Amurka ta sayi tsofaffin injinan fotokwafi huɗu daga wani sito a jihar New Jersey, kowanne a kan kimanin dala 300. Da aka ciro faifansu aka bi su da manhajar da kowa zai iya saukewa daga intanet, sai ga dubban takardu: bayanan 'yan sandan birnin Buffalo, da takardun albashin wani kamfanin gine-gine, da bayanan marasa lafiya na kamfanin inshorar lafiya na Affinity Health Plan. A shekarar 2013 wannan kamfani ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala 1,215,780, saboda ya mayar da injinan da ya yi haya ba tare da goge faifansu ba, lamarin da ya shafi bayanan mutum 344,579.

Mu da kasuwarmu ta dogara da injinan gwanjo, wannan labari namu ne ta fuska biyu. Injinan da ke shigo mana suna iya zuwa da asirin wasu, namu kuma da suka tsufa ana yin gwanjonsu ko a sayar wa 'yan gwangwan da asirinmu a ciki. A tuna irin abin da ake ɗorawa a kansu kullum: katin shaidar ɗan ƙasa, fasfo, takardar banki, sakamakon gwajin asibiti, tambayoyin jarrabawa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a wuyan duk ma'aikatar da ke riƙe da su, ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓaraka mai iya cutar da masu bayanan. Ke nan miƙa mataccen faifai ga wanda ba a sani ba, babu rubutacciyar yarjejeniyar riƙe sirri, kasada ce a gaban doka ba a gaban lamiri kaɗai ba.

Abin da nake kira ga shugabannin ofisoshi bai fi ƙarfin kowa ba. A tambayi wanda ya kawo injin ko yana da faifai, ko kuma yana kulle bayanai, a rubuta amsar a ajiye. A kafa doka cewa duk abin da aka yi sikanin a kwashe shi a ranar, a ajiye a wuri biyu, ɗaya a wajen ginin. A sa wa injin na'urar daidaita wuta. Ranar da za a rabu da shi kuma, a goge faifan da tsarin gogewa na injin, ko a cire shi a farfasa a gaban shaidu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardun da ke cikin wannan ƙaramin akwati na mutanen da suka amince mana ne, kuma ba su san ma akwatin yana nan ba.

Mu haɗu a mako mai zuwa.