'Yan Tauri a Hanjin 'Ya'yanmu

Jama'ar Sabo, akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kuma yau za mu faɗe ta ko da wasu za su ji haushi. Yadda ake ɗirka wa yara maganin antibayotik a wannan unguwa ya wuce ganganci, ya zama cin amanar waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Jariri kwana uku da haihuwa an fara ɗiga masa Ampiclox, wai a wanke masa ciki. Yaro ya fara haƙori, sai a fasa kafso ja-da-yalo a zuba masa a koko. Zawo kaɗan, Flagyl. Mura kaɗan, Septrin. Ba likita, ba gwaji, sai dai ka ji an ce, "Ai shi na ba yayansa ya warke." In ka yi magana a nuna maka yaron yana tsalle a tsakar gida, a ce, "To ga shi nan, me ya same shi?"

Abin da ya same shi ba a gani da ido. A hanjin kowane ɗan Adam, babba da yaro, akwai ƙwayoyin bakteriya masu yawan gaske. Yawancinsu zaman lafiya suke da mu, har suna taya mu narkar da abinci. A cikinsu akwai wadda likitoci ke kira ikolai. Duk lokacin da yaro ya sha antibayotik, maganin ba ya tambaya wace ce mai laifi. Yana kashe duk wadda ya iya kashewa. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira, su samu fili, su hayayyafa. In an maimaita sau biyar, sau goma kafin yaro ya shekara biyu, hanjinsa ya zama sansanin 'yan tauri, wuƙa ba ta kama su. Kuma kamar yadda ɗan tauri ke ba yaronsa laƙani, haka waɗannan ƙwayoyi ke miƙa wa junansu ƙwayar halittar da ke sa su bijire wa magani, har ga waɗanda ba jinsinsu ɗaya ba.

Yaron yana nan lafiya lau, yana cin abinci, yana zuwa Islamiyya. Muddin ƙwayoyin suna zaune a hanji, babu abin da za a gani. Ranar da suka sauya wuri ake shiga uku. Ikolai ce kan gaba wajen jawo ciwon mafitsara. Tana iya shiga jini, musamman ga jarirai da yaran da tamowa ta raunana. Tana iya shiga ciwo bayan an yi wa mutum aiki. A ranar ne likita zai rubuta allurar da ya saba rubutawa, a yi kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba. A ɗauki jini ko fitsari a kai ɗakin gwaji, a jira kwana biyu ko uku, sakamako ya fito cewa maganin ba ya kama ƙwayar. Sai a koma wa mai tsada, wanda kuɗinsa kan cinye jarin mai shayi kaf. Wani yaron ya jure jiran, wani kuma a dawo da shi a naɗe.

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne. A nan kusa da mu, a jami'ar Ile-Ife, masu bincike sun yi shekaru suna duba bayan gidan ɗalibai masu cikakkiyar lafiya. A cikinsu akwai Iruka Okeke, wadda yanzu farfesa ce a Jami'ar Ibadan. A 1986, kashi 9 zuwa 35 cikin ɗari na ikolai da suka samu ne ba sa jin magunguna huɗu da aka fi sha a lokacin, ciki har da amfisilin da tetirasaikilin, wato ja-da-yalon nan namu. Zuwa 1998 adadin ya kai kashi 56 zuwa 100. Shekara goma sha biyu kacal. Waɗannan manyan ɗalibai ne da suka san wanke hannu. To ina ga yaron da ke rarrafe a bakin kwata, yana kai duk abin da ya tsinta baki?

A 2022 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da ƙididdigar duniya: a shekarar 2019 kaɗai, ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yankin da abin ya fi muni, in an auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, mu ke nan. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da ya ji wa tsoro shi ake yi a lungunanmu kullum, da naira ɗari biyu.

Laifin wa? Mu fara da masu kemis, 'yan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Lasisin da hukuma ke ba mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne. Yawancin antibayotik sai da takardar likita. Amma je ka tsaya bayan magariba ka gani. An aiko yarinya da kuɗi a hannu, "Wai a ba da haɗin zawo." Bai ga maras lafiya ba, bai san nauyinsa ba, bai san shekarunsa ba. Ya ƙirga ƙwaya daidai kuɗin, biyu daga nan, uku daga can, ya ƙulle a leda. Malam, wannan ba taimako ba ne. Ka karɓi kuɗin uba, ka bar wa ɗansa bashin da zai biya da jikinsa.

Sai mu maza masu gida. An fi son a ɗora wa mata laifi, alhali mace da aka bar wa ɗari biyar da yaro mai zazzaɓi, aka ce kada ta fita sai an dawo, ina za ta in ba kemis ba? Mutum ya iya zama a majalisa har sha ɗayan dare yana warware siyasar Abuja, amma bai san sunan maganin da ɗansa ya sha da safe ba. Haba Alhaji!

Sai masu gidajen haya. Ɗaki goma sha biyar, ban ɗaki ɗaya. Wani gidan ma an rushe ban ɗakin an mayar da shi shago. Fo ɗin yara a juye shi a kwata, damina ta zo kwata ta cika ta shiga tsakar gida, rijiya kuma ga ta nan taku kaɗan daga masai. Ta wannan hanya 'yan taurin da ke cikin ɗan wani ke shiga cikin ɗanka, ko da kai ba ka taɓa ba shi kafso ko ɗaya ba. Shi ya sa muke cewa wannan ba maganar gida ɗaya ba ce. Mai kiyayewa da maras kiyayewa ruwa ɗaya suke sha, ƙuda ɗaya ke sauka a tuwonsu.

Ba za mu tsallake 'yan kara da masu kiwon kaji ba. Saniya ta sauka daga mota a gajiye, a danna mata allurar antibayotik, gobe a yanka. Kowace irin wannan allura tana da kwanakin da ake jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta, kuma a rubuce yake a jikin kwalbar. Wa ke karantawa? Naman nan 'ya'yanmu ne farkon masu cinsa.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Za a ce asibiti tsada, ga layi, ga matanmu da yawa ba sa jin Yarbanci ko Turanci. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma yawancin zawon yara ba ya buƙatar antibayotik sam. Sau da yawa bairos ne ke kawo shi, antibayotik kuwa ba ya taɓa bairos, haka ma mura. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro mai zawo shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Wannan ya fi haɗin kemis araha. In an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko jariri ne ya yi zazzaɓi, to asibiti kai tsaye, a can za a san maganin da ya dace. Allurar rigakafin rota, mai kare yara daga mugun zawo, ta shiga jerin rigakafin gwamnati tun 2022, kuma kyauta ce.

Za a ce, "Mun gwada mun ga aikinsa." Zawon da zai tsaya da kansa cikin 'yan kwanaki ne ya tsaya, kafso ya karɓi yabo. Ja-da-yalo ma an hana ba yaro ƙasa da shekara takwas, don yana ɓata haƙora har abada. Za a ce ciwo da mutuwa na Allah ne. Babu mai jayayya da wannan. Amma wanda ke faɗin haka da kwaɗo biyu yake kulle shagonsa.

Akwai kuma masu cewa mu yi shiru, kada mu tona asirin unguwa, maƙwabta su samu abin faɗi a kanmu. Wannan matsala tana ko'ina a ƙasar nan, ba ta san Bahaushe ko Bayarabe ba, shi ya sa tun 2017 gwamnatin tarayya ta fito da shiri na musamman a kanta. Sama da shekara ɗari muna zaune a Sabon Ibadan muna tafiyar da al'amuranmu da kanmu. Mun iya sasanta rikicin kasuwa, mun iya haɗa kuɗin kai gawa gida. Yaya za a ce haɗa kuɗin kai yaro asibiti ya gagare mu?

Ga abin da muke nema. Fadar Sarkin Hausawa ta kira masu kemis na unguwa duka, a yi yarjejeniya a gaban shaidu: babu sayar da antibayotik ga yaro sai da takarda, babu tsinka shi ƙwaya biyu-biyu. Wanda ya karya, a kai sunansa ga hukuma, ba sani ba sabo. Duk gidan hayar da ba shi da isasshen ban ɗaki a ba mai shi wa'adi. Ƙungiyoyin matasanmu su ware 'yan mata da samari masu jin Yarbanci da Turanci da za su riƙa raka iyaye mata asibiti. A buɗe asusun lafiyar yara a masallatai, ko naira ɗari-ɗari ne duk Juma'a. Limamai su ɗauki maganar a huɗuba, musamman a makon 18 zuwa 24 ga Nuwamba da duniya ta keɓe don wayar da kai a kanta. Malaman Islamiyya su ajiye buta da sabulu a ƙofar aji.

Ke kuma uwa, in likita ya rubuta antibayotik, ki ba da shi yadda ya ce, adadin kwanakin da ya ce. Kada ki ajiye ragowa don ƙaninsa, kada ki ara wa maƙwabciya. In kaka ta ce a ɗiga wa jariri, a ba ta haƙuri cikin ladabi.

Maganin da ke aiki yau kamar rijiyar unguwa yake: kowa na ɗiba, kuma mutum ɗaya ya isa ya gurɓata ta. Sababbin magunguna ba sa fitowa da saurin da tsofaffin ke mutuwa, in ma sun fito ba aljihunmu za su fara zuwa ba. Wanda muke da shi a hannu shi za mu tattala. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan wannan magana.