Filin Masu Mota: Giyar Otomatik Ba Ta Mutuwa Farat Ɗaya

Sau da yawa akan ga mutum tsaye a bakin titi, ya buɗe bonet, ya zuba tagumi. Injin motarsa yana aiki lafiya lau, ya sa giya, ya taka totur, amma motar ta ƙi gusawa ko taku ɗaya. In aka tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce, "Wallahi haka kawai ta tsaya." Alhali kuwa da wuya giyar otomatik ta mutu haka kawai. Takan yi makonni, wani lokaci ma watanni, tana kai kuka ga mai ita kafin ta kwanta, sai dai shi bai san harshenta ba.

Rashin sanin nan yana da dalili. Tun wajen shekarar 1940 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da motocin Oldsmobile masu giyar da ke canja kanta, wadda ya raɗa wa suna Hydra-Matic. Amma a ƙasar nan, sa'ad da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975, galibin motocin da ke kan hanya masu kuloci ne, a kansu kuma direbobi da makanikai suka koyi sana'a. Daga baya da tsofaffin motocin Turai da Amurka suka cika kasuwa, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, ko Tokumbo a Ikko, sai otomatik ta yawaita, amma ɗabi'un tuƙi da na gyara suka zauna irin na da.

Abin da ya kamata kowane mai irin wannan mota ya fara sani shi ne, aikin da ƙafar direba ke yi a mota mai kuloci, a nan mai ne ke yin sa. Tsakanin inji da akwatin giya akwai wani rufaffen kwano cike da mai, makanikai suna ce masa kwambata. A cikinsa akwai farfela biyu masu fuskantar juna. Wadda inji ke juyawa takan watsa mai a kan 'yar'uwarta, ita kuma ta juya giya. Akwai kuma famfo wanda ke tura man da ƙarfi ta cikin ƙananan hanyoyi, ya matse faya-fayan kuloci da ke cikin akwatin, da haka giya ta ɗaya ke komawa ta biyu. Man nan dai shi ke shafe ƙarafa, shi ke kwashe zafi. Saboda haka duk abin da ya taɓa man giya ya taɓa ran giyar.

Alamun ciwo a bayyane suke. Direba ya sa D ko R da safe, motar ta yi jim kafin ta kama. Ko kuwa yana cikin tafiya inji ya yi ta kururuwa amma gudu bai ƙaru ba. Ko ta riƙa fizga sa'ad da take canja giya. Ko a ji ƙauri, ko a ga ɗigon jan mai inda ta kwana. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa ya sa mutum ya nufi gareji a ranar.

Dalili na farko, wanda kuma ya fi yawa, shi ne ƙarancin mai. Giya ba ta ƙona mai kamar yadda tsohon inji ke yi, don haka in ya ragu, to, akwai yoyo, ko dai a sil, ko a gasket, ko a tiyo. Da mai ya yi ƙasa sai famfo ya fara zuƙo iska, ƙarfin matsi ya ragu, faya-fayan kuloci su riƙa zamewa suna goga juna har su ƙone. Cika shi fiye da kima ma ɓarna ne, domin yakan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai.

Na biyu shi ne tsufan mai. Sabon man giya galibi ja ne garau. In aka zaro ma'auni aka goga a farin ƙyalle aka ga ya yi ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri, to, ɓarna ta riga ta soma. Dattin da ke cikinsa yakan toshe filta da ƙananan hanyoyin nan. Littafin kowace mota ya faɗi wa'adin canji, kuma masu ƙera motoci sukan gajarta wa'adin ga motar da ke aiki cikin zafi da ƙura da cunkoso.

Na uku shi ne zuba man da bai dace ba. Ba kowane jan mai ne ya dace da kowace giya ba. General Motors ya fito da nasa mai suna Dexron cikin 1967, Ford yana da Mercon, Toyota da Honda kowa da irin nasa. Giyar da ake kira CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe ko sarƙa, manta dabam ne ƙwarai, in aka zuba mata na gama-gari ba ta daɗewa. Ga kuma jabun mai da ake ɗurawa a tsofaffin galan. Wanda ya bi araha a nan, shi zai sayi akwatin giya gaba ɗaya.

Na huɗu zafi ne. Man giya yana son ya yi aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas, in ya zarce haka da yawa sai ya lalace da wuri, sil kuma su bushe. Tsayuwar awa biyu cikin cunkoson Apapa, da labta wa ƙaramar mota buhunan hatsi, da tumurmusa taya cikin yashi ko taɓo, duka suna dafa shi. A yawancin motoci ta cikin lagireto man ke bi ya huce, don haka motar da injinta ke yawan zafi, giyarta ma tana cikin wahala.

Na biyar ruwa ne. In bututun da ke cikin lagireto ya tsage, ruwa yakan gauraya da mai ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa zoɓo. Haka kuma wanda ya kutsa cikin ambaliya da damina, a Ikko ko Fatakwal, ruwa na iya shiga ta kafar da akwatin ke numfashi. Ruwa yana saɓule fatar da aka manna a faya-fayan kuloci, kuma kaɗan ya isa.

Na shida kuwa, wani lokaci giyar ƙalau take, laifin na lantarki ne. Motocin zamani kwamfuta ce ke ba da umarnin canja giya. In wata na'urar awon gudu ta mutu, ko waya ta tsinke, ko batir ya yi sanyi, sai kwamfutar ta kulle motar a giya ta biyu ko ta uku don ta kare ta. Duk ƙaramar motar da aka sayar sabuwa a Amurka tun daga 1996 tana da mazugi inda ake jona na'urar bincike ta faɗi inda ciwon yake. Mutane da yawa sun sauke akwatin giya mai lafiya saboda wata 'yar waya.

Na ƙarshe shi ne hannun direba. Jefa mota ribas tun ba ta gama tsayawa ba yana cin giya. Tura ta don ta tashi aikin banza ne, domin famfo ba ya juyawa sai inji na aiki. Saboda wannan dalili ne kuma jan ta da igiya zuwa nesa, tayoyin da ke jan motar suna ƙasa, yake ƙona giya, gama ƙarafa na juyawa ba mai. A ɗora ta a kan babbar mota ya fi. A kan gangara kuma a ja birkin hannu kafin a sa P, don kada nauyin mota duka ya rataya a kan ɗan ƙugiyar da ke riƙe giya.

To, in mota ta nuna alama, sai a bi abin daki-daki. A fara duba mai, yawansa da launinsa da ƙanshinsa, yadda littafin motar ya ce a duba, gama wasu ana auna su inji na aiki, wasu kuwa sai an kashe. A nemi inda yake yoyo. A jona na'ura. Sai an gama waɗannan ne za a yi zancen kwance akwati. In kuma ta kai ga sayen wani akwatin na hannu, lalle a wanke bututun sanyaya mai, in ba haka ba dattin tsohon zai kashe sabon.

Makanikin da ya ce a sauke giya tun bai zaro ma'auni ba, mai mota ya yi masa godiya ya nemi wani. Allah Ya tsare matafiya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.