Piresin ba gudun banza ba ne



Tun ranar Lahadi saƙonninku suke shigo mana a kan magana guda: me ya sa ekip-ekip ɗinmu na unguwa ba su yin piresin kamar na Turai? Wasu sun ce ragwanci ne kawai. To, mu dai ba mu yarda ba.

Piresin shi ne a matsa wa abokin karawa tun daga bakin gidansa, kada a bari ya ɗaga kai da balo. Klopp ne ya fi sa duniya ta san shi a zamaninmu, da Dortmund inda ya ci gasar Jamus a 2011 da 2012, sannan da Liverpool daga 2015. Mai kallo a tele yana ganin mutane suna ta gudu, sai ya ɗauka ƙarfin huhu ne. Ku sake duban tsarinsu na 4-3-3 na wancan lokacin da kyau. Firmino ba ya rugawa kan mai tsaron baya kai tsaye, lanƙwasa gudunsa yake yi, bayansa ya rufe hanyar da balo za ta bi zuwa tsakiya. Mane da Salah kuwa daga gefe suke shigowa, su toshe hanyar waje. Mai balo ya duba, ƙofa ɗaya ta rage masa, kuma da gangan aka bar ta a buɗe, don su Henderson da Wijnaldum da Fabinho suna laɓe a can. Tarko ne. Ba kuma kowane lokaci ake tashi ba, sai an ga alama: an mayar wa gola da balo, ko wani ya tare ta ba daidai ba. Haka Mane ya yi wa golan Manchester City a Wembley a Afrilun 2022, ya faɗa masa tun bai gama tunani ba, balo ta wuce raga.

Amma abin yana da farashi. In na gaba sun tashi, tilas na baya su biyo su har kusan layin tsakiya, kada fili ya tsage biyu. Ke nan an bar fili fetal a bayansu, ana dogaro da tarkon satar gida da saurin mutum irin Van Dijk. Ranar 4 ga Oktoba 2020 Liverpool ta je gidan Aston Villa ba Mane ba Alisson. Matsin gaba ya yi sanyi, na baya kuma ba su ja da baya ba. Watkins ya zuba uku kafin mitan, aka tashi 7 da 2. Masu riƙe da kofin Ingila ne fa!

Yanzu mu dawo gida. Ƙarfe huɗu na yamma cikin watan Afrilu a Zinder ko Tahoua, zafi ya haura digiri 40, fili rairayi ne, yaro ya wuni a wurin aiki ko a lakwal. Sai mai horo ya tsaya bakin layi yana ihu: "Ku bi su! Ku bi su!" Biyu su ruga, takwas su tsaya kallo. Wannan ba piresin ba ne, wallahi, gajiyar da ƴaƴan mutane ne. Minti 20 sun sheme, wani ma jiri ya kwashe shi.

Ba mu ce a bar shi ba. Cewa muka yi a yi shi daidai ƙarfinmu. A zaɓi lokaci, kamar minti 10 na farkon kowane zagaye, sauran a ja baya a haɗe wuri guda. A koya wa yara alama ɗaya tak wadda kowa zai gane, misali in an mayar wa gola, kowa ya tashi tare. In an ƙwace mana balo, a yi ƙoƙarin karɓo ta cikin ƴan daƙiƙoƙi, in bai yiwu ba kowa ya koma wurinsa. Kuma don Allah a ajiye bidon ɗin ruwa a bakin fili.

Masu horon unguwanni, ku muke jira. Wa ya taɓa gwada shi a filin rairayi, kuma minti nawa yaransa suka kai?