Ginin Gida A Jajimaji: Ina Ya Kamata Siminti Ya Shiga?

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Nguru zuwa Gashuwa, ya ratsa ta Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, zai ga sababbin gidajen bulo masu rufin kwano a bakin gari. Wasunsu da gumin 'yan'uwanmu mazauna kudu aka gina su, watau fataken shanu da bandar kifi da tattasai, da masu gadi da 'yan acaɓa, waɗanda ke tara kwabo kwabo a Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal suna aikawa gida. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma ya kamata mai aika kuɗin ya tsaya ya duba irin gidan da ake gina masa, domin ruwa da rana na arewacin Yobe ba irin na Ikko ba ne.

Dalilin da ya sa jama'a suka juya wa ginin ƙasa baya ba ɓoyayye ba ne. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa ne kafin Gashuwa, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya saurin wucewa. A daminar 2022, da kuma ta 2024, ambaliya ta rushe ɗimbin gidajen ƙasa a wannan yanki, ta bar iyalai suna kwana a makarantu. Wanda ya ga ɗakin mahaifiyarsa ya zube, ba za a ga laifinsa ba idan ya rantse shi da ginin tubali har abada.

To, amma bulo ma da nasa haraji. Na farko tsada. Siminti daga nesa yake zuwa, daga Ashaka ta Jihar Gombe ko Obajana ta Jihar Kogi, a kan tirela mai shan gas. A farkon 2024 buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, alhali kuwa shekara guda kafin nan bai wuce wajen Naira 5,000 ba. In abu ya yi tsada sai ha'inci ya shigo. Mai buga bulo ya ƙara yashi ya rage siminti, ka sayi bulon da za ka iya murƙushe shi da hannu. Shi ya sa ake ganin kangaye sun tsaya a linta shekara da shekaru, kuɗi sun ƙare, iyali na nan a tsohon ɗakin da aka guda.

Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Nguru da Gashuwa kan haura digiri 40. Bulo mai inci 6 ba shi da kaurin da zai tare wannan rana, kwano kuwa in ba sili ba tagar kirki, sai ɗaki ya koma tanda. A Ikko mai hali ya kunna fanka ko janareta. A Jajimaji wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, man fetur kuma tun da aka janye tallafi a Mayun 2023 ya fi ƙarfin talaka. Damina wata 3 ce zuwa 4, amma rana kusan duk shekara tana nan. Bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi, lokacin da mutane ke shan iska a tsakar gida. Wannan ita ce hikimar soro da zaure.

Idan aka lura da yadda gidan ƙasa ke faɗuwa, za a ga ta wuri uku ruwa ke cinsa. Ta gindi, in ruwa ya kwanta ya jiƙa tushen bango. Ta sama, in indararo ya toshe ko rufi ya tsage. Sai ta bangon gabas, inda hadari ke dukansa. Magina na dā sun san haka, shi ya sa suke yaɓe da makuba, suna bin soro da gyara kafin kowace damina. Yau matasan da za su yi wannan gyara suna kudu wurin neman abinci.

Saboda haka shawararmu ita ce a kai siminti inda ruwa ke taɓawa, a bar wa ƙasa inda rana ke duka. A haƙa harsashi mai zurfi, a ɗora bulo mai kyau har ya wuce inda ambaliyar 2022 ta tsaya a unguwar, dattawa sun san alamar. Daga nan zuwa sama a yi da ƙasa. A ɗaga kwano sama da sili yadda iska za ta ratsa tsakaninsu, a bar masa baki mai faɗi ya kāre bango. Tagogi su fuskanci kudu da arewa, a shuka darbejiya ta yamma. Buhu 30 da aka zuba a harsashi ya fi buhu 100 da aka watsa a bangon da bai ƙaru da komai ba.

Kada wani ya ce wannan komawa baya ne. A ƙauyen Dandaji na Jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun kammala babban masallaci a 2018 da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Francis Kere na Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da irin wannan tubali da ɗagaggen rufin kwano, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami lambar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin tsara gine-gine. Shi wannan tubali siminti kaɗan yake ci, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100.

Sai dai akwai wahaloli biyu da ba za a ɓoye ba. Ƙasar tudu a Karasuwa rairayi ya yi mata yawa, ta fadama kuwa laka ce mai tsagewa in ta bushe, don haka sai an gauraya an gwada kafin a buga tubali. Azara kuma ta yi wuya, domin giginya ta ragu, hamada na matsowa ta Yusufari da Machina. A Nijar tun shekarun 1980 ake koya wa magina rufin tubali zalla, mai siffar baka ko ƙubba, wanda ba ya bukatar itace ko ɗaya. Abin da aka iya a tsallaken iyaka ba zai gagari maginan Nguru ba.

A nan ne aikin hukuma ya shigo. Ya kamata Gwamnatin Jihar Yobe ta haɗa kai da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da Hukumar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, wadda ta daɗe da ƙera injin matse tubali, a gwada ƙasar yankin, a horar da magina. Ƙananan hukumomi kuma su shata hanyoyin ruwa, su hana yanka filaye a cikakken kududdufi, domin ko da ƙarfe aka yi gini a kan hanyar ruwa, ruwa zai biyo hanyarsa.

Kai kuma ɗan'uwa da ke shirin aika kuɗi bana, kafin ka tambayi bulo nawa aka buga, tambayi ina filin yake, ina ruwa ya tsaya a 2022, kuma harsashi ƙafa nawa ne. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa gumin da aka zubar a kudu ya zama inuwa a gida, amin.