Ƙwayar tsarin iyali daban, maganin yankewar haila daban

Mace ta haura shekara arba'in da biyar, haila ta fara yi mata wasa, zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi na hana ta barci. Ta je asibiti neman sauƙi. Da zarar ta ambaci cewa tana fama da ciwon ɓarin kai, sai likita ya rufe zancen maganin homon, ya ce akwai haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wannan hukunci, in an yanke shi ba tare da bincike ba, kuskure ne da aka rufe da rigar taka-tsantsan.

Tsoron yana da tushe. Wasu masu ciwon ɓarin kai kan ga walƙiya ko zane-zanen haske a idonsu kafin kan ya sara, kuma haɗarin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ya fi yawa a kansu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana irin waɗannan mata shan ƙwayar tsarin iyali mai ɗauke da istirojin. Amma kama da wane ba wane ba ne. Istirojin ɗin ƙwayar na roba ne, mai ƙarfin da zai hana ƙwai fita. Wanda ake bayarwa bayan yankewar haila irin na jiki ne, kuma ƙarfinsa bai kai na farko ba. In ta fata aka ba da shi, ta filasta ko man shafawa, ba ya fara bi ta hanta, inda ake ƙera sinadaran da ke daskarar da jini. Ƙungiyar likitocin Birtaniya masu kula da yankewar haila ba ta ɗauki ciwon ɓarin kai, ko da mai walƙiyar ne, a matsayin dalilin hana wannan hanya ba. Yi wa magungunan biyu kuɗin goro lalaci ne kawai.

Tun 1972 likita Brian Somerville na Ostireliya ya nuna cewa faɗuwar istirojin kafin haila ce ke tayar da ciwon: da ya yi wa mata allurarsa, ciwon kan ya jinkirta, hailar kuwa ta zo a lokacinta. Ke nan kai ba ya son hawa da sauka. Wannan ne ya sa ciwon ke tsananta a shekarun da haila ke gab da yankewa, sannan yakan lafa wa mata da yawa bayan ta yanke. Ƙwayar baki da ake sha ana hutawa na iya dagula lamarin. Filasta mai sakin magani daidai wa daida ta fi zama lafiya da kai.

Wani ɓangaren firgicin gado ne daga babban binciken Amurka na 2002, wanda matsakaicin shekarun matan cikinsa 63 ne, kuma ƙwayar baki suka sha.

Ba a ce homon maganin ciwon kai ba ne, wasu ma yakan ƙara musu shi. Aikin likita shi ne ya auna hawan jini, ya tambayi batun taba da tarihin gudajin jini, ya fara da mafi ƙarancin awo ta fata, ya haɗa da furojestaron in mahaifa na nan. In walƙiyar ido ta bayyana sabuwa ko ta ƙaru, a rage awon ko a dakatar, a sake dubawa.