Kyautar Sarakunan Ƙetare: Ta Mutum Ce Ko Ta Kujera?

A wannan mako za mu duba wata ƙa'ida da ke cikin tsarin mulkin Amurka tun 1787, wadda ta hana mai riƙe da muƙamin gwamnati karɓar kyauta, ko lada, ko sarauta daga wani sarki ko gwamnatin waje, sai da yardar majalisar dokoki.

A 1840 Sarkin Maskat, Sayyid Sa'id, ya aika wa Shugaba Martin Van Buren dawakan Larabawa guda 2, da lu'ulu'u, da darduma, da turare. Shugaban ya ce ba shi da ikon karɓa. Mayarwa kuwa cin fuska ne ga mai kyauta. Sai majalisa ta yanke a karɓa da sunan ƙasa, aka sayar da dawakan, kuɗin ya shiga baitulmali. Har a 2025, da Ƙatar ta ba da jirgin sama don amfanin Shugaba Trump, gardamar da aka yi ke nan: na mutum ne ko na ƙasa?

Mu Musulmi wannan tambaya ba baƙuwarmu ba ce. Ɗabari ya ruwaito cewa Ummu Kulsum, matar Sayyidina Umar, Allah ya yarda da su, ta aika wa matar Sarkin Rum turare ta hannun manzon gwamnati, ita kuma ta rama da abin wuya mai tsada. Umar ya tara jama'a ya nemi shawara. Waɗansu suka ce halalinta ne. Shi kuwa ya duba cewa manzon na Musulmi ne, abin hawansa ma nasu ne, sai ya sa abin wuyan a baitulmali, ya biya ta abin da ta kashe. A ganinmu hujjarsa ta fi ƙarfi, domin da ba matar Halifa ba ce, wa ya san ta a fadar Rum?

'Yan'uwanmu ma'aikata su lura, tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na 5, ya ɗauki kyautar da aka ba ma'aikaci a wurin biki na hukuma a matsayin kayan ma'aikatarsa. Abin da ya yardar masa shi ne kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada. Ya kuma hana shugaban ƙasa, da gwamnoni, da ministoci, da 'yan majalisa ajiye kuɗi a bankin ƙetare. Ɗan kasuwa mai neman kwangila da ya kai rago gidan babban sakatare, ya tambayi kansa ko a cikin dangi yake ko a cikin abokai.