LOTISMA: GARIN DA YA CI IRINSA, ME ZAI SHUKA?

Manomin da ya kai gonar gado kasuwa don ya biya bashin bara, a ƙauye sunansa ɓatacce, dattawa ba sa ba shi ɗiya. Ma'aikatar magajin garin da ta yi wannan aiki, a birni sunanta mai ƙoƙari, har a kira ƴan rediyo su ɗauki jawabinta. Shekara da shekaru ke nan manyan biranen Nijar, daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Tawa zuwa Damagaram, suna toshe giɓin kasafin kuɗinsu ta hanya guda: a auna daji, a kafa turakun siminti, a yanka filaye, a sayar. Sunan abin lotisma. Zaɓaɓɓu sun yi, naɗaɗɗu sun yi, kuma babu ranar da aka tara mutanen gari aka ce musu ga abin da aka sayar, ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi.

Sai an san yadda aljihun gari yake kafin a gane dalilin wannan ɗabi'a. Kuɗin shiga na gari ƙofa uku ne. Akwai lanho, wanda masu unguwanni da masu gari ke tarawa, kuma a birni kaɗan ne ke biya. Akwai tikitin kasuwa da na tasha da na mahauta, wanda ke bi ta hannuwa da yawa kafin ya isa akwati, kowane hannu kuwa da ɗan danshinsa. Akwai kuma harajin da ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa, irin su patanti, wanda wani kaso nasa haƙƙin gari ne, amma sai ya kwana a baitulmali, ya fito lokacin da Yamai ta ga dama. Magajin garin da albashin ma'aikata ke bisa wuyansa, ga kuɗin mai, ga bashin wuta da na ruwa, in ya duba waɗannan ƙofofi ya ga babu mai buɗewa da sauri, sai ya ɗaga kai ya hangi gonakin bayan gari. Filaye ba sa yajin aiki, ba sa neman rasiɗi, kuma masu saye suna layi tun kafin a bushe tawadar taswira.

A ƙa'ida, kuɗin da aka samu daga filayen sabuwar unguwa na unguwar ne: a fitar mata da hanyoyi, a haƙa magudanan ruwa, a jawo famfo da wuta. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar bakin gari ya san yadda ƙa'idar ke ƙarewa. Takardar fili tana hannu, turaku huɗu suna ƙasa, sauran kuwa sai Allah. Mai gida zai sayi ruwa a kura, ya haɗa kuɗi da maƙwabta su sayi falwaya, damina ta zo mota ta kasa shiga. Kuɗin an biya albashin wata uku da su, an sayi motar ofis, an sallami ɗan kwangilar da ya daɗe yana zarya. Baɗi giɓin ya dawo, sai a sake yanka wani daji, wanda shi ma zai buƙaci hanya da famfo da lakwal da babu kuɗinsu. Kowace lotisma tana biyan bashin jiya ta haifi bashin gobe wanda ya fi shi girma.

Gwamnatin ƙasa ba ta da bakin faɗa, domin ita ta nuna hanya. Ma'aikata ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da albashi ke taruwa wata da watanni, ga karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 ta raba abin da ke aljihu biyu. A farkon shekarun 2000, da aka tashi biyan wannan bashi, sai aka ba ma'aikata filaye a madadin kuɗi. Malamin lakwal da ke jiran abin cefane aka miƙa masa takarda, shi kuma ya kai ta wurin mai kuɗi ya sayar da araha. Tun daga nan kowa ya gane cewa fili kuɗi ne da hukuma ke bugawa ba tare da izinin bankin ƙasashen yammacin Afirka ba. Mai hali ya sayi goma, ya kewaye da katanga, ya bari suna tsada, talaka kuma ya ci gaba da haya ko ya gangara kwari.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa ya dubi Yamai. A 1965 aka fara dasa dogon yaro a kewayen birnin, gandun da ya kai fiye da hekta 2,000, don ya tare iska da ƙura. Birnin da bai wuce mutum dubu 30 da ƴan kai ba lokacin samun ƴancin kai ya haura miliyan 1 a ƙidayar 2012, kuma babu mai cewa kada a ba mutane wurin zama. Sai dai gandun da aka yi shekaru ana shayarwa an cinye babban ɓangarensa da gatari da turaku, kowane yanki da takardarsa da hatiminsa. Abin da ya sami gandun shi ke samun filayen da kowace taswira ke keɓewa don lakwal da asibiti da kasuwar unguwa. A takarda suna nan da launinsu. A ƙasa kuwa wata rana a wayi gari an zuba tubali, a tambaya a ce an canza wa filin matsayi. Wane zama ne ya canza shi? Su wa suka ɗaga hannu?

Ruwa dai ba ya karanta takardar fili. Maraɗi ta san haka tun 1945, shekarar da Gulbi ya cinye tsohon gari aka kwashe jama'a aka hau tudu. Darasin bai hana a bar mutane su gina a bakin ƙorama da cikin tabkunan da aka cike da shara ba. A Satumban 2020 kogin Kwara ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya fasa madatsa, Lamorde ta nutse. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan 1, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. A Maraɗi ruwan ƙarshen Agusta ya yi ajalin mutane aƙalla 15, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Gaskiya ne ruwan shekarar ya wuce misali, kuma babu magajin garin da ke riƙe da hadari. Amma magudanar da ba a haƙa ba, da wadda aka haƙa ba a yashe ba, da gidan da aka ba izini a kan hanyar ruwa, da ginin tarihin da babu layinsa a kasafi, duk shawarar mutane ce da aka yanke a ofis.

Masu kare magadan gari suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma dole a ba su ita. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma kuɗin da ya kamata su biyo baya sun yi ta tafiyar hawainiya. An ɗora wa jaki kaya, an riƙe dusa. Sakamakon yana cikin azuzuwan zana: a Afrilun 2021 gobara ta kashe yara wajen 20 a wata lakwal ta unguwar talakawa a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma wata ta kashe fiye da 20 a Maraɗi. A shekarun nan ne kuma aka yi ta bukin 18 ga Disamba na zagaye, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An zuba kwalta, an kafa fitilu, wasu ayyukan sun amfani jama'a. Sai dai kwamitocin da aka naɗa daga sama ne suka zaɓi abin da za a gina, baƙi suka watse, aka bar wa gari kuɗin gyara. Da an tambayi uwayen yara tsakanin shataletale mai ado da aji na siminti, an san amsarsu.

To, mene ne maganin da masu mulki suka saba kawowa? Rushewa. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 an soke shi. Sai a Yulin 2004 aka samu majalisun gari 265 da jama'a ta zaɓa. Waɗanda aka zaɓa a ƙarshen 2009 juyin mulkin Fabrairun 2010 ya share su. Na 2011 wa'adinsu ya ƙare a 2016 aka yi ta ƙara musu wata shida-shida har Disamban 2020. A Yamai an tuɓe Umaru Dogari a 2013, makonni kaɗan bayan jam'iyyarsa ta fice daga ƙawancen masu mulki, an tuɓe Asan Saidu a 2017, aka rushe majalisar birnin aka naɗa kwamitin riƙo. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun gari da na jihohi baki ɗaya, suka naɗa kantomomi. Sau da yawa dalilin da ake bayarwa ɗaya ne: ɓarna da rashin iya aiki. Kowane karo kuma tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Babu mai rantsuwa cewa zaɓaɓɓu waliyyai ne. An ga majalisun da ba su da aiki sai ƙulla tsige magajin gari, an ga waɗanda aka rufe wa baki da fili bibbiyu. Kuma a cikin naɗaɗɗu akwai masu gaskiya da ke kwashe shara da zuciya ɗaya. Amma cutar tana cikin duhun da ake yanke shawara, kuma canza mai riƙe da hatimi ba ya kunna fitila. Zaɓaɓɓe ko ya lalace yana da ranar da zai dawo unguwa neman ƙuri'a, yana da abokin hamayya a majalisa da zai tona shi ko don ƙeta. Naɗaɗɗe fuskarsa na kallon wanda ya naɗa shi. In ya yi daidai, sa'ar gari ce, in ya karkace, ɗan kasuwar da aka rushe wa rumfa ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Garin da ya dogara da sa'a kuwa bai da tsari.

Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ce zaman majalisar gari a buɗe yake ga jama'a. Mutum nawa suka taɓa shiga? Lokacin da majalisun ke aiki, kasafin ana rubuta shi da Faransanci, a karanta shi da Faransanci, a gaban wakilan da wasunsu ba su taɓa zama a aji ba, a garin da cinikinsa duka da Hausa ake yi. Nan kuma laifi ya dawo kan masu kuka, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kasuwar da ya ba mai tikiti rabin kuɗi don kada a yaga masa takarda, shi ne zai fi kowa ɗaga murya ran da gobara ta tashi motar kashe wuta ta rasa hanyar shiga. Alhajin da ya sayi filin lakwal ya san na lakwal ne. Ma'aikacin da ya sa hannu a taswirar da ta hau ƙorama ya yi karatun da zai gane ƙorama. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago sun iya rufe gari a kan haraji da albashi, amma ba a saba jin sun nemi a nuna musu lissafin ma'aikatar magajin gari ba.

Abin da ake bukata ba ya neman tallafin ƙasashen waje. A manna kasafin kuɗin gari a ƙofar babbar kasuwa da tasha, a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a farkon shekara abin da aka yi niyya, a ƙarshenta abin da aka kashe. Kada a kafa turke ko guda sai an baje taswira a fili, an nuna hanyar ruwa, an ji ta bakin masu gonaki da masu unguwa. Kuɗin filaye su shiga asusu na dabam wanda ba a taɓawa don albashi, kuma a buga sunayen waɗanda aka ba filaye. Filin da aka keɓe don lakwal ko asibiti ya haramta ga kowa, wanda ya sayar da wanda ya saya su gurfana tare. Baitulmali ya saki haƙƙin gari a kan lokaci. Sannan a mayar wa mutane ikon zaɓen masu riƙe musu gari da ikon sauke su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Harajin da ba a karɓa bana ana iya karɓarsa baɗi. Filin da aka sayar ya tafi ke nan, kuma yaran da za su nemi wurin aji da wurin kasuwa da wurin kabari nan da shekara 20 an riga an haife su. Duk mai riƙe da hatimin gari, da ƙuri'a ya zo ko da takardar naɗi, ya fito ya faɗa wa jama'a hekta nawa suka rage.